Babi na Tara: Hanyar Ruwa a Cikin Dutsen Arabika

Dutsen Arabika yana gabar arewa maso gabashin Bahar Aswad, a yankin Abkhaziya, cikin tsaunukan Gagra da ke yammacin jerin Kaukasus. Ƙololuwarsa ta haura mita 2,600, kuma tazarar da ke tsakaninsa da teku ba ta taka kara ta karya ba. Ruwan sama da dusar ƙanƙara suna zuba a kansa da yawa kowace shekara, amma wanda ya hau doronsa da wuya ya ga rafi mai gudu. Ruwan yana zurarewa ne ta tsagu da ramuka, ya ɓace cikin dutse, sai can a bakin teku ya sake ɓullowa. Tsakanin inda yake shiga da inda yake fita akwai kogwanni biyu, Krubera da Veryovkina, waɗanda su kaɗai ne a duniya ɗan Adam ya bi har ya wuce zurfin mita 2,000. Ruwa ne ya haƙa su, shi ya nuna wa masu bincike hanya, shi ne babban haɗarin da ke ciki, kuma shi ne ya tare su a ƙarshe.

Yadda ruwa ke cin dutse

Arabika dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato da Malbaza a Nijar don yin siminti. Asalinsa ɓawon halittun teku ne da laka mai alli, waɗanda suka yi ta taruwa a ƙasan wani tsohon teku fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce, suka daskare, daga baya motsin ƙasa ya ɗaga su sama suka zama tsauni.

Wannan dutse yana da wata ɗabi'a da duwatsu irin na Dala ko Kufena ba su da ita: yana narkewa a ruwa, kamar kanwa, sai dai a hankali ƙwarai. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon daga sarari da kuma daga turɓayar da ya ratsa, sai ya yi ɗan tsami. In ya shiga tsaga mai faɗin gashi, yakan lashe gefenta kaɗan kaɗan. Tsagar da ta fi sauran faɗi tana jan ruwa fiye da su, yawan ruwan kuma yana ƙara mata faɗi, har ta zama babbar hanya, sauran su bushe. A haka ne cikin dubban ɗaruruwan shekaru ake samun kogo.

A tsauni mai tsawo, ruwa ba ya yawo a kwance, yana neman ƙasa ne ta hanya mafi kusa. Saboda haka kogwannin irin wannan wuri a tsaye suke: rijiya ta gangara mita talatin ko ɗari, a ƙasanta a sami lungu mai lanƙwasa wanda mutum ba ya wucewa sai da ƙyar, lungun ya kai ga bakin wata rijiyar, haka dai bi da bi. Ruwan yana ci gaba da sauka har ya kai matakin da dutse ya ƙoshi da ruwa. Daga nan kowace hanya cike take har rufi, ruwan kuma sai ya miƙe a kwance zuwa maɓuɓɓuga.

Wannan ne ke ƙayyade zurfin kowane kogo. Tsawon tsauni kaɗai bai isa ba. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kogon a sama da maɓuɓɓugarsa a ƙasa, da kuma ko dutsen farar ƙasar ya zarce ba yankewa tsakaninsu. A Arabika an dace da duka biyun. Kaurin dutsen ya kai kilomita biyu, shimfiɗunsa kuma sun karkata zuwa teku har sun nutse ƙarƙashinsa. Maɓuɓɓugar Reprua da ke kusa da garin Gagra tana fitowa ne dab da gaɓa, ruwanta ya yi gudun mita goma sha takwas kacal ya faɗa teku, abin da ya sa ake lissafa ta cikin rafuka mafi gajarta a duniya. Akwai ma waɗansu idanun ruwan daɗi da ke ɓullowa a ƙasan tekun kansa.

Daga tsani zuwa igiya ɗaya

Faransa ta taka babbar rawa wajen kafa binciken kogwanni masu zurfi. Édouard-Alfred Martel, wani lauya, shi ya mai da shiga kogo ilmi mai tsari a ƙarshen ƙarni na 19. A 1889 ya sauka ramin Padirac ya tarar da kogi a ƙarƙashin ƙasa. Shi da mutanensa da tsanin igiya mai matakan itace suke aiki, mai nauyin gaske, musamman in ya jiƙe. Daga baya aka ƙera tsanin waya mai matakan ƙarfe marar nauyi, amma duk da haka kowace rijiya tana bukatar nata tsanin, da mutum a samanta riƙe da igiyar tsaro, yana jira cikin sanyi na sa'o'i da yawa.

Waɗansu sun gwada injin naɗe waya don sauke mutum da jawo shi. A watan Agusta na 1952, a kogon Pierre Saint-Martin da ke kan iyakar Faransa da Sifen, inda rijiyar shiga ta kai kimanin mita 320, maƙalin wayar da ake jan Marcel Loubens da ita ya kwance, ya faɗo, ya rasu a can ƙasa. Shekara huɗu bayan haka, a 1956, masu bincike daga Grenoble suka wuce mita 1,000 a kogon Berger da ke kan tudun Vercors. Shi ne karo na farko da aka kai wannan zurfi, kuma da tsani aka yi aikin.

Sauyin da ya buɗe ƙofar manyan zurfafa ya zo ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, lokacin da aka koma hawa da sauka a kan igiya ɗaya. Igiyar ta nailan ce marar talewa, kaurinta milimita takwas zuwa goma. Mai bincike yana ɗaure da ɗamara a ƙugu da cinyoyi. Wajen sauka yana zura igiyar cikin wani ƙarfe da ke rage masa gudu. Wajen hawa yana amfani da maƙalai biyu masu haƙora, ɗaya a ƙirji, ɗaya a hannu haɗe da madaukin ƙafa. Suna zamewa sama amma ba sa komowa ƙasa, sai ya tura na hannun, ya taka madaukin ya miƙe, na ƙirjin ya biyo baya. Fernand Petzl, wanda yake cikin mutanen Berger, shi ya yi fice wajen ƙera waɗannan ƙarafa, kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuma har yau yana yin su.

Gwanintar aikin tana wajen ɗaura igiyar. Igiyar da ke ɗauke da nauyin mutum in tana gogar dutse mai kaifi, yankewa take yi. Don haka mai gaba yakan huda bango ya kafa ƙusa duk inda igiya za ta taɓa dutse, ya sake ɗaure ta a wurin, ta yadda doguwar rijiya za ta kasu gida gida. Yakan kuma karkatar da ita nesa da inda ruwa ke zubowa, yana la'akari da yadda wurin zai kasance in ruwa ya ninka, ba yadda ya same shi ba.

Shekarun Krubera

Martel da kansa ya ziyarci Arabika a farkon ƙarni na 20, masanin ƙasa na Rasha Alexander Kruber kuma ya yi nazarin dutsen a 1909 da 1910. A 1960 wata tawaga ta masanan Jojiya ƙarƙashin Levan Maruashvili ta sami wani rami a kwarin Ortobalagan, a tsayin kimanin mita 2,250 daga matakin teku. Suka sauka cikinsa, matsi ya tare su, suka raɗa wa ramin sunan Kruber suka wuce. A shekarun 1980 masu binciken kogo daga Kiev suka dawo masa, suna faɗaɗa lungunan da guduma da kurfi, har suka kai mita 340 a 1987. Su ne suka ƙara masa suna na biyu, Voronya, saboda hankakin da ke sheƙa a bakinsa.

Abin da ya sa ba su fid da rai ba shi ne wani gwaji da aka yi a 1984. An zuba rini marar cutarwa a ruwan da ke gudu cikin waɗansu kogwanni a saman dutsen, aka sa ido a maɓuɓɓugan da ke kewaye. Rinin ya fito a Reprua da wata maɓuɓɓugar ta bakin teku, fiye da mita 2,300 ƙasa da inda aka zuba shi. A lokacin babu kogon da aka bi har mita 1,600. Alexander Klimchouk, masanin Yukren da ya jagoranci wannan aiki, ya tsaya a kan cewa hanya tana nan, sauran a nemo inda mutum zai iya bi.

Rushewar Tarayyar Sobiyet da yaƙin Abkhaziya na 1992 zuwa 1993 sun tsayar da komai na tsawon shekaru. Sai a 1999 Ƙungiyar Masu Binciken Kogo ta Yukren ta koma Krubera ƙarƙashin Yuri Kasjan. Maimakon su ci gaba da fama da matsin da ke ƙasa, sai suka duba bangon rijiyoyin da aka sha wucewa. A zurfin mita 220 zuwa 250 suka hango tagogi biyu a jikin bango, suka lila da igiya suka shiga. Ɗaya daga cikinsu ta kai su mita 700 a wannan shekarar. A 2000 aka kai mita 1,410. A watan Janairun 2001, cikin hunturu, lokacin da saman dutsen ya daskare ruwa ya ragu a ciki, aka kai mita 1,710. Da haka Krubera ya zarce Lamprechtsofen na Ostiriya mai mita 1,632, ya zama kogo mafi zurfi da aka sani.

Daga nan ruwa ya fara tsayawa a gaba. A kusan mita 1,440 hanyar ta nutse cikin wani tafki da ya cika har rufi. A 2003 masu nutso na ƙungiyar Cavex suka ratsa shi suka tarar da rijiyoyi na ci gaba a bayansa, wanda ke nufin duk mai son wucewa sai ya nutsa da kayansa cikin ruwa mai tsananin sanyi. A watan Agusta na 2004 wata tawaga ta mutum 56 ta shafe makonni a dutsen, ta kafa sansanoni a zurfin mita 700, 1,215, 1,410 da 1,640. Wani tafkin ya sake tare su, amma biyu daga cikinsu suka kutsa wani dogon lungu mai tsananin matsi wanda ya kewaye shi. Ta wannan lungu ne, a watan Oktoba na shekarar, mutum tara ƙarƙashin Kasjan suka bi har mita 2,080. Shekara arba'in da takwas ke nan tsakanin cika mita dubu na farko da cika na biyu.

Yawancin ci gaban da aka samu a Krubera bayan haka na masu nutso ne. Gennady Samokhin ya nutsa mita 46 a tafkin ƙarshe a 2007, zurfin kogon ya kai mita 2,191. A 2012 ya nutsa mita 52, ya kai shi 2,197.

Zaman ƙarƙashin ƙasa

Babu mai zuwa ƙasan irin wannan kogo ya komo a yini guda. Sauka takan ci kwanaki, hawa ya fi haka, masu aiki a can ƙasa kuma sukan yi mako biyu ko fiye ba su ga rana ba. Kaya sukan iso saman dutsen da jirgi mai saukar ungulu ko a bayan dabbobi da mutane: kilomitocin igiya, ɗaruruwan ƙusoshi, abinci, gas na girki, tantuna, batura. Ana cusa su cikin jakunkuna masu kauri, kowa ya rataya ɗaya ko biyu a ƙarƙashin ɗamararsa wajen sauka, ya ja su a lungu. Yawancin 'yan tawaga ba sa ganin ƙasan kogon. Aikinsu dakon kaya ne daga sansani zuwa sansani, domin 'yan kaɗan su iya wucewa gaba.

Sanyin ciki ba ya sauyawa da rani ko hunturu. Kusa da baki yana wajen digiri ɗaya zuwa biyu a ma'aunin Salshiyos, a can ƙasa kuma yana kaiwa wajen bakwai. Iska jiƙe take, tufafi ba sa bushewa. Mutumin da ya jiƙe ya tsaya wuri ɗaya, sanyi na iya kashe masa jiki cikin ɗan lokaci, shi ya sa ake sa rigar roba mai hana ruwa a wuraren da ruwa ke zuba, kuma shayi mai zafi da tanti suna cikin kayan ceton rai. Rediyo ba ya ratsa dutse mai wannan kauri, don haka ake jan siririyar wayar tarho daga baki har zuwa sansanonin ƙasa.

Zurfin da ba a auna ba, ba a lissafa shi. Ana auna kogon gaɓa gaɓa: tsawo daga wannan alama zuwa waccan, alƙiblar da aka fuskanta, da karkatar hanya. Dubban irin waɗannan awo ake harhaɗawa a zana taswira. Ɗan kuskure a kowace gaɓa yana iya taruwa ya zama mitoci, saboda haka a Krubera an sake tantance awon da dogon tiyo cike da ruwa, wanda nauyin ruwan da ke ciki ke nuna bambancin tsayi tsakanin bakinsa biyu.

Rauni kaɗan a wannan zurfi babbar magana ce. A watan Yunin 2014 dutse ya faɗo wa Johann Westhauser a ka a kogon Riesending na Jamus, a zurfin kimanin mita 1,000. Fito da shi ya ɗauki kwana goma sha ɗaya da ma'aikatan ceto fiye da 700 daga ƙasashe da dama, a tsakiyar Turai inda kayan aiki suke kusa. Masu aiki a ƙasan Arabika sun ninka wannan zurfi, kuma sun san taimako yana nesa.

Veryovkina

Kogon da ya karɓe kambu daga Krubera ma an daɗe da saninsa. Masu bincike daga Krasnoyarsk sun same shi a 1968 suka sauka mita 115. Ƙungiyar Perovo ta Mosko ta sake gano shi a 1982, ta kai shi mita 440, aka sa masa sunan Alexander Veryovkin, wani mai binciken kogo da ya rasu a 1983 yana nutso. Kusan shekara talatin bai ƙara zurfi ba, ko da yake 'yan ƙungiyar sun yi ta komawa suna tono da lalube. A 2015 suka sami sabuwar rijiya. Cikin shekara biyu kogon ya buɗe: sun wuce mita 1,000 a 2016, sun kai 2,204 a watan Agusta na 2017, sannan 2,212 a watan Maris na 2018 bayan an auna tafkin ƙarshe. A ƙasansa sun tarar da abin da ba a zata ba, wato hanyoyi a kwance masu tsawon kilomitoci.

Waɗannan hanyoyi suna dab da matakin ruwan ƙarƙashin dutsen, kuma a watan Satumba na 2018 aka ga ma'anar haka. Wata tawaga ƙarƙashin Pavel Demidov, tare da mai ɗaukar hoto ɗan Ingila Robbie Shone, tana sansanin ƙasa lokacin da aka tafka ruwa a saman dutsen. Mutum biyu da suka riga suka kama hanyar fita suka ci karo da ambaliyar tana gangarowa, suka buga waya suka sanar. Ruwan ya zubo ta rijiyoyi daga sama, ya kuma taso daga ƙasa, domin hanyoyin da ke kai shi teku ba sa iya kwashe shi da saurin da yake zuwa. 'Yan tawagar suka bar kayansu suka hau igiya cikin ruwan da ke dukansu, duka kuma suka tsira. Wayar tarhon da igiyoyin da aka ɗaura da lissafin ambaliya su suka ba su wannan dama.

Abin da aka samu, da abin da ya rage

Ko a wannan zurfi akwai rai. A 2010 masana halittu Ana Sofia Reboleira da Alberto Sendra suka sami wani ɗan ƙwaro marar ido a Krubera a zurfin mita 1,980, aka sa masa suna Plutomurus ortobalaganensis. Yana rayuwa ne da ɗan abin da ruwa ke gangaro da shi daga sama.

Taswirar kogwannin tana kuma da amfani ga masu shan ruwan. Ruwan da ya bi ta yashi yana tacewa a hanya, amma wanda ya bi ta kogo yana gudu ne a buɗaɗɗiyar hanya, duk ƙazantar da ta shiga rami a sama tana iya fitowa a maɓuɓɓuga cikin kwanaki. Birane irin su Biyana ta Ostiriya, wadda tun 1873 take shan ruwan maɓuɓɓugan tsaunukan farar ƙasa, suna tsare doron tsaunukan ne saboda wannan dalili. Sanin wane rami ke ciyar da wace maɓuɓɓuga shi ne matakin farko na wannan tsaro.

A Arabika kuwa, saura kaɗan a ƙure abin da za a iya saukowa. Bakin Veryovkina yana tsayin mita 2,285, ƙasansa ke nan bai fi mita saba'in da 'yan kai sama da matakin teku ba, haka ma Krubera. Sabbin awo suna ci gaba da gyara alƙaluman kogwannin biyu da 'yan mitoci, kuma tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Hanya biyu ta rage ta ƙara zurfi. Ɗaya ita ce a nemo wata ƙofa da ta fi tsayi a saman dutsen a haɗa ta da kogon. Ɗayar ita ce nutso, domin idanun ruwan da ke ƙasan teku suna nuna hanyoyin sun zarce ƙasa da matakinsa. Klimchouk ya yi hasashen cewa sun haƙu ne a wani zamani da ruwan Bahar Aswad ya yi ƙasa sosai da inda yake yau. A wajen Kaukasus, ido yana kan tsaunukan Taurus na Turkiyya da kogon Cheve na jihar Oaxaca a Meziko, inda gwajin rini ya nuna tazarar da ta kai kimanin mita 2,500, alhali mutane ba su wuce mita 1,500 da 'yan kai a cikinsa ba.